Kuɗin hayar turken wuta: amsa ga mai kabul na Garwa

Wani matashi mai sana'ar raba tashoshin talabijin ta waya a Garwa ya aiko mini da tambaya. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Baba Injiniya, shekara shida ke nan ina jan wayar kabul gida-gida a unguwanni biyu, ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. Kwanan nan kamfanin wuta ya aiko mini da takarda, wai sun ƙirga wayata a kan turke 240, in riƙa biyan haya kowace shekara, in kuma biya na shekarun baya, in ba haka ba za su datse. Turakun nan a bakin titin gwamnati suke, ni ma kuma ina biyan kuɗin wuta duk wata. Suna da hurumin yin haka? A wasu ƙasashe ma ana yi? In kuma biyan ya zama dole, nawa ne adalci?"

Ɗana, zan fara da abin da ba za ka so ji ba: za ka biya. Hujjar titin gwamnati ba za ta kai ka ko'ina ba, kada ma ka ɗaga ta a gaban ma'aikatansu, dariya za su yi maka. Filin kasuwa na hukuma ne, amma rumfar da ke kai ta wanda ya sayi kwano da katako ya kafa ce, kuma duk mai son rataya hajarsa a jikinta sai ya nemi mai ita. Turken nan da muke ce wa poto, 'yan uwanmu na Najeriya su ce falwaya, saye aka yi, aka ɗauko shi a mota tun daga kudu, aka haƙa rami aka kafa. Kuɗin wutar da kake biya na wutar da ka sha ne, bai haɗa da wurin rataya ba.

Na kuma san abin da ke ranka: siririyar waya ce, me za ta yi wa turke? Na yi shekaru ina hawan turakun nan kafin gwiwa ta ce ta gaji, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona. Wayar da ke bin layi miƙaƙƙe ba ta cika wahalar da turke ba, don wadda ke jansa gabas akwai wadda ke jansa yamma. Amma je ka tsaya a kwana, inda layi ya karya. A nan duk wayoyin gefe guda suke ja. Na taɓa tarar da wani turken katako a kwana, masu kabul uku sun ɗaure masa wayoyinsu, kowa da nasa ƙullin ragowar waya kamar gammo, ga akwatin ƙara ƙarfin hoto an ɗaure da wayar ƙarfe, turken ya sunkuya kamar mai ruku'u. Ba wanda ya sa masa wayar tokara ta baya. Da hadarin farkon damina ya taso da iskar nan tamu mai tuge darbejiya, shi ne ya fara kwanciya, ya ja na kusa da shi biyu. Unguwar ta kwana huɗu a duhu, mutane suna ta tsine wa kamfanin wuta, masu kabul kuwa kowa ya lallaɓo da asuba ya kwance tasa wayar. To, in ka ji mutanen wuta suna magana da zafi, irin wannan suke tunawa.

Amma su ma ba su da gaskiya duka, kuma a nan ne kake da abin faɗa. Turken wuta ba irin hajar da za ka ce in ta yi tsada a nan ka je gaba ba ce. Titi ɗaya, layin turke ɗaya. Ofishin magajin gari ba zai bar kowane mai kabul ya kafa nasa jerin ba, ko ya bari ma kuɗin kafawa zai cinye jarinka, binne waya a ƙasa kuwa ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Mai turke ya san ba ka da wata mafita, kuma duk wanda ya san haka, in aka bar shi ya yanka farashi da kansa, zai yanka da yawa. Wannan ne ya sa a ƙasashen da suka riga mu shiga rigimar ba a bar ta tsakanin kamfanoni biyu ba, hukuma ta shiga tsakani da alƙalami.

Amurka ce ta fi kowa daɗewa a cikinta. Masu kabul na can sun yi ta kukan cewa kamfanonin wuta da na tarho suna tsawwala musu, har a 1978 majalisar dokokinsu ta yi doka ta musamman kan rataya waya a turke, wadda ta zama sashe na 224 na dokar sadarwarsu. Ta ba hukumar sadarwa ta ƙasa, FCC, ikon tsayar da farashi na adalci. Dokar ba ta hau kan kowa ba: turakun da ke hannun ƙungiyoyin gama-kai na karkara da na hukumomin birane an cire su, kuma kowace jiha tana iya cewa ita za ta kula da nata, jihohi sama da 20 sun yi hakan. Abin da nake so ka riƙe daga gare su shi ne yadda suke lissafi, don shi ne makamin da za ka shiga ofis da shi.

Suna ɗaukar turke a matsayin mai tsawon ƙafa 37.5, wato kamar mita 11 da ɗoriya. Ƙafa 6 na binne a ƙasa. Ƙafa 18 daga ƙasa zuwa sama ba a rataya komai, don mota da mutane su wuce. Ka ga ƙafa 24 sun tafi. Saura ƙafa 13.5 a can sama, nan ne wurin da ake amfani da shi. Wayar mai kabul ana ɗaukar ta ci ƙafa 1 a ciki. Ɗaya cikin 13.5 ya kama kashi 7.4 cikin ɗari. Sai a duba abin da turken ke ci wa mai shi a shekara: raguwar darajarsa saboda tsufa, da kuɗin gyara, da na gudanarwa, da haraji, da ribar da doka ta yarda kamfani ya samu kan jarinsa. Kashi 7.4 na wannan jimla shi ne hayar mai kabul a shekara. Ka lura, ba a tambayi mai kabul yawan gidajen da yake ba hoto ba, ba a kuma tambayi nawa yake samu ba. Wurin da ya ci a jikin turke kawai aka auna.

Mutanen wuta ba su taɓa son wannan lissafi ba, kuma a matsayina na wanda ya ci abinci a gidansu na san hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa: ƙafa 24 ɗin nan na ƙasa, ai su ne suka ɗaga wayar kowa sama. Mai kabul yana buƙatarsu kamar yadda mai wuta ke buƙata. Don me za a ce nasa rabon na gindin turke ya zama ɗan mitsitsi haka? A raba gindin daidai tsakanin duk masu rataya. In ba haka ba, in ji su, talaka mai biyan kuɗin wuta ne ke ɗauke wa mai kallon ƙwallo nauyi. Masu kabul kuma su amsa: turken nan da mu da babu mu sai kun kafa shi, mun zo mun tarar da shi a tsaye, duk abin da muka ba ku ƙari ne. A 1996 da aka sabunta dokar sadarwa an ƙirƙiro lissafi na biyu don kamfanonin tarho, wanda ya ɗan karkata ga hujjar masu wuta: kashi biyu bisa uku na gindin a raba shi daidai tsakanin masu rataya. Idan su uku ne, rabon kowa ya tashi kusan kashi 16.9 cikin ɗari, idan su biyar ne kashi 11.2. Sai aka wayi gari waya iri ɗaya, a turke ɗaya, farashi daban-daban. Shirin gwamnatinsu na faɗaɗa intanet na 2010 ya kawo kiyasin cewa mai kabul na biyan kamar dalar Amurka 7 a shekara, sabbin kamfanonin tarho 10, wasu tsofaffin kamfanonin tarho sama da 20. A 2011 FCC ta sauko da lissafi na biyun ya dawo kusa da na masu kabul.

Bari mu kawo shi gida da sefa, da lambobin misali kawai don ka ga yadda abin ke juyawa. A ce turke ɗaya darajarsa a littafin kamfani sefa 100,000 ce, a ce kuma ɗawainiyarsa a shekara kashi 30 cikin ɗari na wannan, wato 30,000. Da lissafin masu kabul za ka biya kamar 2,200 a shekara. Da lissafi na biyu, ku uku a kan turke, kamar 5,000. Idan kuwa aka ce a raba komai uku daidai, 10,000. Ninka kowanne sau 240 ka gani: na farko ya ɗan haura rabin miliyan, na ƙarshe miliyan 2.4. Turken bai canja ba, wayarka ba ta canja ba. Don haka in sun miƙo maka farashi, kada ka fara da "ya yi yawa", kowane ɗan haya haka yake cewa. Ka ce su rubuta maka daga ina lambar ta fito: nawa suka kimanta turke, katako ne ko siminti, wane kaso suka ɗora maka, kuma mutum nawa suka ɗauka suna kan turken. Idan turke ɗaya yana ɗauke da wayarka da ta wasu masu kabul biyu da ta kamfanin tarho, kuma kowannenku ana cajinsa kamar shi kaɗai ne, to kuɗin da ke shigowa zai iya wuce abin da turken ke ci gaba ɗaya. Wannan magana ce da kowane akawu zai gane.

Ka tambaya ko kotu ta taɓa shiga. Sau da yawa. A 1987 ƙarar wani kamfanin wuta na jihar Fulorida ta kai har kotun ƙolin Amurka, saboda yana karɓar fiye da dala 5 kan kowane turke, FCC ta mayar da shi dala 1.79. (Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.) Ya ce wannan ƙwace dukiya ne. Kotu ta ce a'a, kai ka ba da haya da kanka, tsayar da farashin haya kuwa aikin hukuma ne muddin kana mayar da abin da ka kashe. A 2002 aka sake komawa, kuma wannan ta shafe ka in kana da niyyar ƙara intanet a wayarka, kamar yadda na ga yaran yanzu suna yi. Kamfanonin wuta suka ce tunda masu kabul sun fara sayar da intanet ta cikin wayar, sun fita daga kariyar dokar, sai a yi sabon ciniki. Kotun ƙoli ta ce wayar tana nan ƙarƙashin dokar. Ni ma a wajena haka hankali ya ba da, turke bai san abin da ke gudu a cikin waya ba, nauyinta kawai ya sani. A Kanada kuma abin ya bi wata hanya: a 2003 kotun ƙolinsu ta ce hukumar sadarwa ta ƙasa ba ta da iko a kan turakun kamfanonin wuta na larduna, sai maganar ta koma hannun hukumomin wuta. A lardin Ontariyo hukumar makamashi ta tsayar da dalar Kanada 22.35 kan turke a 2005, daga baya ta ɗaga shi zuwa 43.63. Ka ga inda mai kula da wuta ne alƙali, farashi yakan fi nauyi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Duk wannan maganar haya ce, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke karya ƙaramin mai kabul ba kuɗin shekara ba ne, ranar da za a ce masa turke ya lalace, shi zai sauya. Yawancin turakun katakon da ke unguwanninmu itacen turare ne da aka yi wa magani, kuma ba daga sama suke mutuwa ba, daga daidai bakin ƙasa suke ruɓewa, inda damshi da gara ke haɗuwa. Turke mai mita 9 ana binne kamar mita 1.4 nasa, bisa ƙa'idar da aka koya mana: kashi ɗaya cikin goma na tsawonsa a ƙara rabin mita. Kana iya ganinsa garau a sama, cikinsa kuwa ya zama gari. Yadda muke gwadawa ba wuya. Ka tone ƙasar gindinsa kamar tafin hannu biyu, ka buga da guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kauri, guduma ta dawo maka. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka buga ƙwarya. Sannan ka soka masa sukundireba, in ta shige ba gardama, wannan turken ya gama aiki, ko da wayarka ko babu.

To wa zai biya sabo? In turken lafiyarsa ƙalau, sai dai gajere ne ko ba zai iya ɗaukar ƙarin nauyi ba, kuma saboda kai kaɗai za a sauya shi, kai ne da biya, ba musu, ko da yake ko a nan ya kamata a tuna cewa kamfani ya samu sabon turke a madadin tsoho. In kuwa dama ya ruɓe, yana cikin waɗanda ya kamata su sauya tun bara, ɗora maka kuɗinsa zalunci ne. A Amurka ma wannan ce rigimar da ta fi zafi a 'yan shekarun nan, har a 2021 FCC ta fayyace cewa ba a ɗora wa mai sabon rataya dukan kuɗin sauya turke idan ba shi kaɗai ne sanadin sauyawar ba, ta kuma ƙara bayani a ƙarshen 2023. Saboda haka kada ka sa hannu a kwantiragin da bai faɗi wannan a fili ba. Na ga takardar da aka rubuta layi ɗaya a ciki, cewa mai rataya ne ke da alhakin "duk wata ɓarna" da ta samu turke. Layin nan kaɗai ya fi hayar shekara goma tsada. Yanzu da ake ta maye gurbin katako da siminti, ka kuma tabbatar an rubuta kwana nawa za a sanar da kai kafin a tuge tsohon turke, don ma'aikacin da ya zo sauyawa ba zai tsaya kwance maka waya a hankali ba, almakashi zai sa mata.

Sai lambar nan ta 240. Wa ya ƙirga, kana wurin? Kusan duk lokacin da na bi irin wannan ƙirga sai na tarar da wayar wanda ya daina sana'a tun tuni an jingina wa mai rai, ko turken da ba na kamfanin wuta ba ne ma, na tarho ne ko wanda mai gida ya kafa da kuɗinsa. Ka nemi a sake ƙirgawa tare, mutuminsu da naka, turke bayan turke, kowanne a ɗauki hotonsa a rubuta halin da yake ciki. Wannan zagayen shi zai ba ka jerin ruɓaɓɓun tun kafin a ce kai ka ruɓar da su. Bashin baya kuma ciniki ne. Ba ka rataya 240 a rana ɗaya ba, ka fara da layi biyu ne ka yi ta ƙaruwa, littafin masu biyanka na wata zai nuna haka. Ko a Amurka, ma'aunin da FCC ta amince da shi a 2011 ga wanda aka samu ya rataya ba izini shi ne ninki biyar na hayar shekara, tare da ƙarin tara in ya ƙi halartar binciken haɗin gwiwa. Wato akwai iyaka, kuma wanda ya ba da haɗin kai ana sassauta masa.

Abu biyu ka gyara kafin ka taka ƙofarsu, in ba haka ba duk hujjojin nan sun zube. Na farko akwatunan ƙara ƙarfin hoto. In akwai ko ɗaya da ke shan wuta kai tsaye daga layi ba mita, cire shi yau. Da zarar sun gan shi maganar ta tashi daga haya ta koma satar wuta, wannan kuwa ba ciniki a cikinta. Na biyu tazara. A ƙa'idar Amurka inci 40 ake bari, kamar mita ɗaya, tsakanin wayar wuta mafi ƙasa a jikin turke da wayar sadarwa mafi sama, don mai hawa ya yi aiki kansa bai taɓa wuta ba. Yaranka da ke jingina tsani da silifas a ƙafa, wayar gida mai bolt 220 ma tana kisa, balle manyan layukan 15,000 da 30,000 da ke bi ta saman wasu turakun. Waɗannan ko kusa kada su je, babba tana tsallakowa ta kama mutum tun bai taɓa ta ba.

Inda za ka kai kuka in an ƙi jin ka: a Kamaru hukumar da ke sa ido kan harkar wuta ita ce ARSEL, ta sadarwa kuma ART. Dokar wuta ta 2011 ce, ta sadarwa ta 2010, kuma ta sadarwar ta yi maganar yin tarayya a kayan aiki. Ka tuna abin da na ce game da Kanada, rigimarka tana tsakiyar gidaje biyu ne, kowanne yana iya tura ka wurin ɗayan. Ka rubuta wa duka biyun, da kwafin takardar da aka aiko maka da amsarka. Sai dai ka sani, tambayar farko da za a yi maka ita ce takardunka na sana'a, don raba tashoshi yana ƙarƙashin dokar kafafen sauti da hoto ta 2015, kuma da izini ake yinsa. Wanda takardunsa ba su cika ba yakan je neman sassauci ya dawo da wata sabuwar matsala. Na san da yawa cikinku a nan ne ƙafarku ke rawa, shi ya sa kuka fi son a gama magana a gindin turke da ɗan abin goro. Wannan goron ba ya ƙarewa, kowane sabon ma'aikaci da nasa bakin, kuma ranar da turke ya faɗa kan wani ba ka da takarda ko ɗaya da za ta ce da izini ka hau.

Kada kuma ka je kai kaɗai. Takardar da ta zo maka ta je wa masu kabul na unguwar Yelwa, ta je wa na sauran unguwanni, gobe za ta kai Marwa da Ngaundere. Mai waya a kan turke 240 roƙo yake yi, amma masu waya a kan turke dubbai in suka zo da farashi ɗaya da takarda ɗaya, kamfanin ma ya fi son haka, don bin ku ɗai-ɗai yana ci masa kuɗi. Ku amsa takardar a rubuce kafin wa'adinta ya cika, ku ce kun yarda za ku biya haya, kuna neman ƙirga ta haɗin gwiwa da bayanin lissafi, kuna kuma roƙon kada a datse komai har a gama. A buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Ranar ƙirga ka sa a zo da guduma da sukundireba, in gwiwata ta bar ni zan zo in nuna wa yaranka yadda ake saurarar turke.